Kukan Mai Gudale a Rediyo

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan la'asar

Rubutun ya karkace, oho. In ban zuba wannan a takarda ba kan mutum zan zuba shi, kuma Inna ce kaɗai a gidan, ba ta yi mini komai ba.

Dokta Sharfaddeen ya shiga rediyo yau da hantsi. Shi ke duba aikin digirina na biyu. Shekara biyu ke nan ina yawon ƙauyukan Gwarzo da Kabo ina tambayar mutane yadda namiji da mace kowa ke ɗaukar asara, ina rubutawa ina kai masa. Bai ce mini zai shiga ba. Ina wanke-wanke Inna ta ce, "Badi'a, wannan ba muryar malaminku ba ce?" Na goge hannu na zo na zauna har da murmushi, sakarya kawai.

Bayaninsa ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Ya ce ba a haifi namiji da busasshen ido ba, koya masa ake yi tun yana rarrafe. Sai mai gabatarwa ya ce ya ba da misali. Na ji ƙarar takarda.

Yau ba zan iya rubuta abin da ya karanta ba.

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Dokta ba ya ɗaukar waya.

Litinin, bayan azahar

Bari in rubuta. Duk jihar Kano ta riga ta ji, takarda ce zan ji wa kunya?

Goggo Hajjo ta Masanawa. Tun ina goye take kawo wa Inna nono gidan nan. Bara ɓarayi suka kore shanun mijinta, Baba Jalo, kaf, ko maraƙi ba su bari ba. Da na je Masanawa da tambayoyina, ta ja ni ɗaki ta saki labule. Ta ce tun daga ranar mutumin nan yakan zagaya bayan rumbu da rana tsaka ya yi kuka. Ita kuma da ta ga ya nufi can sai ta kori yara waje, ta zuba ko ƙaiƙayi ne a turmi ta yi ta daka da ƙarfi, don kada maƙwabta su ji. Bai san ta sani ba. Na ce mata ba sunan da zai fita, na dafa ƙirji. Ta ce, "In dai ba suna, rubuta 'yata, wataƙila ya amfani wata."

Kuma na cire sunayen. Na cire Hajjo, na cire Jalo, na cire Masanawa. Abu ɗaya ya rage. Goggo ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, Mai Gudale take ce masa, saboda wata saniya gudale, irin marasa dogon ƙaho, da ya zo da ita lokacin aurensu, wadda ta mutu tun ba a haife ni ba. Babu mai kiransa haka sai ita. Babu kuma wanda bai san ita ke kiransa haka ba, tun daga Masanawa har karar Getso inda ake cinikin shanu. Ranar da na kai wa Dokta hirarrakin na ce masa wannan ma zan sauya. Ya ce in bar shi, ai ba suna ba ne, matar da kanta ta sakaya mana, kuma yana ƙara wa maganar armashi.

Armashi.

Haka ya karanta shi jiya, a hankali, da muryar nan tasa ta tausayi: "Idan Mai Gudale ya zagaya bayan rumbu." Inna ta miƙa hannu ta kashe rediyon, sai ka ce namu ne kaɗai a duniya.

Talata, 5 ga Agusta, da yamma

Ya kira da kansa, yana fara'a.

"Badi'a, kin ji yadda shirin ya karɓu? Har daga Zariya wani dattijo ya kira ni yana godiya."

Na ce, "Dokta, an ji a Masanawa ma."

"To madalla, ai don su aka yi."

Na yi masa bayani dalla-dalla, ina danne zuciyata. Ya ce, "Kin karɓi izininta?" Na ce na karɓa. "Mun ambaci sunanta?" A'a. "Garinta?" A'a. "To ƙa'idar bincike ba ta da abin cewa a kanmu."

A kanmu. Yau kuma mun zama mu.

Mutumin nan fa a cikin birni aka haife shi, na tabbata uwarsa ma ba ta kama sunan ubansa. Ya sani sarai. Ofis ne ya daɗe a ciki har mutane suka koma masa shafuka. Na so in ce masa haka, amma sai na ji bakina ya ce, "To Dokta, na gode." Tun ɗazu nake jin haushin bakin nan nawa.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Labari ya iso, mai kawo mana itace ya kawo shi tare da itacen.

Tun da shanunsa suka tafi, Baba Jalo yana zuwa kara ya taya dillalai duba dabba, a ba shi na goro. Ranar kasuwa ya je kamar kullum. Wani ɗan iska, wanda bai kai ɗan cikinsa ba, ya zaro hankici ya miƙa masa a gaban jama'a, ya ce, "Baba, ko za ka riƙe, nan babu rumbu." Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi.

Baba Jalo ya juya. Ya ɗauki sandarsa ya koma gida. Kafin magariba Goggo Hajjo tana kan hanyar Lakwaya, gidan yayanta Baba Datti, da ƙullin kaya a ka.

Bai furta saki ba tukuna. Tukuna.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan sallah

Inna ta yi dambu. Na kasa ci.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Na je Lakwaya. Ruwan jiya ya lalata hanya, ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin gari na ƙarasa da takalmi a hannu.

Na same ta tana tsince zogale a inuwar ɗaki. Ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ina Inna, ya damina, ya karatu. Ya karatu fa ta ce. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Magana zarar bunu ce, 'yata. Ni na zare."

Na ce ba ita ba ce, na ce malamina ne, na ce ni ce. Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Shekara talatin ban kwana garin nan ba sai in wankan jego ya kawo ni. Kin san abin da ya ce mini? Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, 'Ashe kina gani.' Shi ke nan."

Sai ta ajiye faifan. "Yanzu in ya zagaya, gidan tsit. Kowa zai ji."

An kore ta daga ɗakinta, amma abin da ke cinta ke nan. Na fita na tsaya bayan katanga.

Baba Datti ya rako ni. Dogo ne, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya ce Jalo ya yi rantsuwa gaban mutane cewa ba zai sake zama da matar da ta kai asirinsa rediyo ba. Ya ce an samu an riƙe bakinsa daga furta sakin, amma ba za a riƙe shi har abada ba, kuma mutum irin Jalo ba ya haɗiye rantsuwa.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Kano. Ofishin Dokta, da fanka da shayi.

Abu ɗaya na roƙe shi. Ya koma rediyon ya ce labarin na wata jiha ne, ko ya ce an haɗa maganar mata da yawa ne aka yi misali ɗaya. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce ya yi sata.

"Kina so in yi wa jama'a ƙarya a kan sakamakon bincike?"

Na ce, "Ina so mace ta koma ɗakinta."

Ya ce abin ya taɓa shi, wallahi ya taɓa shi. Sannan ya ce in duba da idon ilimi, abin da ya faru shi ne ainihin abin da muke faɗa, al'umma na hukunta namiji in ya nuna rauni. Ya ce in bi diddigin lamarin, zai iya zama babi mai zaman kansa.

Babi. Auren Goggo Hajjo zai zama babi na biyar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Na yarda da kowace kalma, ni na tattaro masa hujjojin da ƙafata. Amma mai gaskiyar yana zaune ƙarƙashin fanka, wadda ta biya kuɗin gaskiyar tana kwana a ɗakin matar yayanta.

Ban sha shayin ba. Iyakar jarumtata ke nan.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan azahar

Inna ta hana, na tafi Masanawa duk da haka. Na ce ko dukana Baba Jalo zai yi in dai zai saurare ni.

Na same shi a gona yana maimai. Ya rame. Ya ajiye fartanya, ya kai ni gindin ɗorawa, ya ba ni ruwa a gora. Na ce na zo ba da haƙuri a kan maganar rediyo.

"Wace magana, 'yata?"

Na ce wadda aka yi ranar Lahadi.

"Ai ni ba ni da rediyo. Ya jikin innarki Uwaliya? Har yanzu ƙafar na damunta?"

Na sake ɗaukowa, ya sake tambayar Inna. Sai na gane. In ya karɓi haƙurina ya yarda an yi kukan ke nan. Babu ƙofar da zan shiga. Ya ciro mini ɗanyar masara ya ce in kai gida, ya koma kan kunyarsa, ya ba ni baya.

Na riƙo masarar har Gwarzo ina jin kamar in yi jifa da ita.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Baba Datti ya zo gaida Inna. Tun da nake ban taɓa ganinsa gidan nan ba. Aka yi maganar taki, aka yi maganar tsadar gero, ina gefe ina jira. Da zai tashi sai ya dubi ƙasa ya ce:

"Ku 'yan boko, in kuna rubutu, wani lokaci alƙalami kan zarce ko? Yaro ya ƙara abin da ba a gaya masa ba, don malami ya yaba."

Na ce, "Baba, ni ban taɓa ƙara ko wasali ba."

"Na sani. Cewa na yi yakan faru. Rantsuwar Jalo a kan matar da ta faɗa ce. In ya zamana ba ta faɗa ba, ai rantsuwa ba ta hau kowa ba." Ya sa takalminsa. "Allah ya ba mu alheri."

Sai da ya kai bakin titi na fahimta.

Ni. Ni zan tsaya gaban mutane in ce ƙarya na shirga. Wanda ya karanta yana Kano, wanda ya miƙa hankici yana yawonsa a kara, waɗanda suka yi dariya suna gidajensu da matansu. Ni ce aka ga wuyana ya dace da igiyar. Shekara biyu ina shan rana, ina zama in saurari muryoyin da na naɗa a waya har kunnena ya yi zafi don kada in sauya wa tsohuwa kalma ɗaya, ni za a kira maƙaryaciya.

Ba zan yi ba.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Ba zan yi ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Na kira Dokta na gaya masa abin da ake so. Na ɗauka ko kunya za ta sa ya ce zai je da kansa.

Ya ce, "Badi'a, ki saurare ni da kyau. In kika faɗi haka a bainar jama'a, ni na karanta maganar, sunana ya shiga. Dole in kai ki gaban kwamitin ladabtarwa in wanke kaina. Ƙirƙirar bayanai kora ce, kin sani."

Na ce, "Amma kai ka san gaskiya ce."

"Abin da na sani daban, abin da kika furta daban."

Allah ya gani.

Talata, 19 ga Agusta, bayan magariba

Inna ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba. Tana tankaɗe ta ce malamai sun faɗa, ƙaryar da aka yi don gyara tsakanin mutane ba a rubuta ta. Na ce jami'a tana rubutawa. Na ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini. Na ce ita ba ta san abin da na sha ba, ba ta san mata nawa daga Gwarzo suka taɓa kaiwa inda na kai ba.

Ta ce, "Na sani, ni na sayar da awakina." Ta karkaɗe rariya. "Amma da bakinki kika ce wa matar nan babu abin da zai fita."

Na shiga ɗaki na bar ta da garinta.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Saƙo daga Lakwaya. Baba Jalo ya ce a zo a kwashe sauran kayanta ranar Lahadi.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan azahar

Muryarta tana cikin wayata, ita kaɗai ce shaidar cewa ban ƙara komai ba. Na saurara sau ɗaya. Na goge.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

An yi.

A zauren mai unguwar Masanawa. Dattawa a kan tabarmi, matasa cike da ƙofa, ni da Inna a lungu. Goggo Hajjo tana cikin gida tare da mata, inda za ta ji. Baba Jalo ya zauna yana kallon sandarsa.

Na ce Goggo ba ta gaya mini komai ba. Na ce sunan na san shi tun ina yarinya, tana faɗa in ta kawo nono, sauran kuwa ni na ƙaga don aikina ya yi kyau a wurin malamai. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan ma ya ba ni haushi.

Aka yi salati. Wani dattijo ya ce abin da boko ke koya wa 'ya'ya mata ke nan. Wani saurayi daga ƙofa ya ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Mai unguwa ya juya ya tambayi Baba Datti ko an samu ruwa a Lakwaya daren jiya. Baba Datti ya ce an samu, har ya yi yawa. Ba wanda ya sake ɗauko zancen dafawa.

Sun sani. Duk wanda ke kan tabarmar nan ya sani. Wanda za a ɗora wa kawai ake nema, ga ni na kawo kaina a kan acaɓa.

Daga cikin gida Goggo ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce ta ba ni nono ina jaririya na saka mata da sharri, kada in ƙara taka mata ƙofa. Na san dole ta faɗa. Sanin bai rage komai ba.

Sai Baba Jalo ya ɗago kai. Ya dube ni, idonsa cikin nawa, ya ce, "Yarinya ce. Na yafe miki."

Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba."

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Ta koma ɗakinta jiya. A Gwarzo kuwa labarina ya riga ni isowa. Matar maƙwabcinmu ta janye 'yarta daga karatun yamma da nake yi wa yara.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan la'asar

An kira daga jami'a, kwamiti zai zauna mako mai zuwa. Na yi ta tunanin in gaya musu gaskiya a ɗaki a rufe. Amma ina ɗakin da ke rufuwa? Cikinsu akwai ɗan Kabo, kafin in hau mota zancen ya isa Masanawa, a koma gidan jiya. Abin da na faɗa a zaure shi zan maimaita musu.

Dokta ya turo saƙo wai yana yi mini addu'a.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Inna ta aike ni sayen barkono. A bakin tasha na ga Goggo Hajjo da Baba Jalo. Yana gaba yana tura keke, tana biye da ƙulli a ka, da alama daga asibiti suke ko gidan 'yan'uwa. Hannuna ya ɗaga da kansa kafin in tuna.

Ta gan ni. Ta kawar da kai ta tofar da yawu, yadda duk 'yan tasha za su shaida. Shi kuwa ko kallo.

Da suka ɗan yi nisa sai ya rage tafiya har ta cim masa. Ya sauke ƙullin daga kanta ya ɗaure a bayan keken, suka ci gaba.

Na tsaya ina jira in ji daɗi. Wallahi na so in ji, na tsaya har mai barkono ya ce, "Malama, na nawa?" Bai zo ba. Na saya na dawo gida.